Yadda Ɗalibin Kimiyya na Maraɗi Zai Nemi Bursun Doktora a Ƙasar Waje

Duk shekara, da zarar an gama kare kundin mastar a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, sai wayata ta cika da saƙo iri ɗaya: "Malam, don Allah in an ga bursu a tura mini." Ina turawa, amma na san mafi yawan masu karɓa ba za su kai ko'ina da shi ba, domin a ranar da suka ga sanarwar saura kwana goma a rufe, kuma ba su da fasfo, ba su da takardar Turanci, ba su da malamin da ya yarda ya karɓe su a can. Wannan rubutun na ƙannena ne masu karatun sinadarai, lissafi, fizik, ilimin halittu, noma da muhalli, maza da mata. Zan riƙa cewa "kai" don sauƙin magana, amma ke ma da ke nake, kuma akwai ƙofofin da ke kaɗai za ki iya shiga, zan zo kansu.

Abu guda nake so ka riƙe tun daga nan. A matakin lisansi da mastar, ɗalibi yake neman makaranta. A matakin doktora kuwa, malami ne yake neman wanda zai taya shi warware wata tambaya, kuɗi kuma bayan wannan yarjejeniyar suke biyowa. Saboda haka jerin aikin shi ne tambaya, sannan malami, sannan kuɗi. Mu kuwa mun saba farawa daga wutsiya.

Mataki na farko: ka ƙirga baya daga ranar tafiya

Yawancin jami'o'in Turai, Turkiyya da Sin suna fara shekarar karatu tsakanin Satumba da Oktoba. In kana son tafiya a Satumban baɗi, to da damanar bana za ka fara. Bursun gwamnatin Turkiyya yakan buɗe a Janairu ya rufe a Fabrairu. Na Japan da ake nema ta ofishin jakadanci yakan fito wajen Afrilu zuwa Mayu, don tafiyar shekara mai zuwa. Na Sin yakan faɗo tsakanin ƙarshen shekara da farkon bazara. Ka sayi littafi guda, kowane bursu ka ba shi shafi: ranar buɗewa, ranar rufewa, iyakar shekaru, takardun da ake so. Iyakar shekaru ba abin wasa ba ce. Turkiyya da Japan suna son wanda bai kai 35 ba, yawancin shirye-shiryen TWAS, cibiyar masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, su ma 35 ne, Sin kuma takan kai 40 ga mai neman doktora. Wanda ya tsaya koyarwa ta kwantaragi shekara shida yana cewa "sai na ɗan tara", ya duba takardar haihuwarsa yau.

Mataki na biyu: takardu, tun kafin a tambaye ka

Fasfo ne farko. Kada ka jira sai an ɗauke ka, domin fom da yawa ba sa wucewa shafin farko sai da lambarsa. Bayan shi, ka tara shaidar bakaloriya, ta lisansi da ta mastar, da takardun maki na kowane zango, da takardar haihuwa da ta ɗan ƙasa. Ka yi kwafi, ka kai a buga musu hatimin tabbatarwa. Takardar kotu mai nuna ba ka da laifi wata uku take yi, don haka ita ka bar ta sai an nema.

Yanzu ka baje su a tabarma ka duba sunanka harafi bayan harafi. Wannan ita ce cutar da ta fi kashe dosiyen mutanenmu. A takardar haihuwa Mahamadou, a bakaloriya Mamane, a fasfo Mahaman. A gida mun san mutum ɗaya ne, amma ma'aikacin da ke zaune a Bon ko Ankara mutum uku yake gani. Haka ranar haihuwa: wani takardarsa ta ce an haife shi "wajen" shekara kaza, wata kuma ta ce 1 ga Janairu. In akwai saɓani, ka je kotu a yi maka takardar da ke tabbatar da cewa sunayen na mutum ɗaya ne, kuma daga yau duk fom ɗin da za ka cika, yadda fasfo ya rubuta haka za ka rubuta.

Takardunmu da Faransanci suke. Inda ake son Turanci, sai an kai wa mai fassara da hukuma ta rantsar, ya fassara ya buga hatiminsa. Fassarar abokinka malamin Turanci, ko ta fi kyau, ba ta karɓuwa. Sannan ka roƙi ofishin karatu na tsangayarku ya ba ka ƴar takarda mai bayyana tsarin makinmu: cewa a kan 20 ake ba da maki, 10 ne cin jarrabawa, 12 da 14 da 16 su ne matakan yabo. In an faɗi matsayinka a aji, ya fi. Baƙon da bai san tsarinmu ba, in ya ga 14 sai ya lissafa kashi 70 cikin ɗari ya ɗauka kai matsakaici ne, alhali wataƙila kai ne na biyu a aji.

Ka ɗauki hoton kowace takarda da na'urar sikana, ba da wayar da ke karkace ba, ka ajiye a imel ɗinka da kuma wani wuri na biyu. Ka buɗe imel mai ɗauke da sunanka na gaskiya.

Mataki na uku: Turanci

Nan ne ɗan Nijar ya fi jin jiki, kuma ba zan ɓoye maka ba. Ko a Jamus, Sin, Indiya, Saudiyya ko Suwidin, da Turanci ake aikin ɗakin gwaji, da shi ake rubuta maƙala. Jami'o'i da yawa suna neman jarrabawar Turanci ta IELTS da maki 6.5 ko makamancinsa a TOEFL, kuma sakamakon shekara biyu yake aiki. Wasu suna karɓar jarrabawar Duolingo, wadda ake yi a kwamfuta daga gida kuma ta fi araha, amma sai ka tabbatar jami'ar da kake so tana cikin masu karɓa kafin ka biya.

Muna da wata dama da ɗan Yamai ba shi da ita: Katsina da Kano suna bakin ƙofarmu, kuma a kasuwar Maraɗi da jami'a ba a rasa wanda ya yi karatu a Najeriya. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku mai da fadar shayinku ta yamma sau uku a mako wurin da ba a magana sai da Turanci. Kowa ya karanta maƙala guda ta fanninsa, ya zo ya bayyana ta cikin minti biyar, a yi masa tambayoyi. Wata shida na wannan ya fi littafin nahawu goma, domin ranar ganawa da malamai abin da za a sa ka yi ke nan.

Mataki na huɗu: tambayar bincike

A nan zan daɗe, don nan ne ake cin nasara ko a faɗi.

Ɗalibai da yawa suna ganin sai sun kawo batu mai ƙyalli irin na can kafin a kula su. Sai ɗan Tasawa ya rubuta cewa yana son bincike a kan abin da bai taɓa gani ba sai a intanet, ya shiga takara da ɗaliban da suka shekara biyar suna taɓa na'urar da hannunsu. Alhali abin da malamin can ba shi da shi, kai kake da shi: fili, mutane, harshe, da damar zuwa gona a watan Agusta.

Ka dubi abin da jihar nan ta riga ta ba duniya. Sassaben zamani, wato barin tsiron itace ya tashi a gona maimakon a sare shi, a yankin Maraɗi ya kafu a shekarun 1980, kuma yau ana maganar miliyoyin eka da suka farfaɗo, masana daga nahiyoyi da dama suna rubutu a kansa. Buhun PICS mai ruɓi uku da ke kare wake daga ƙwari ba tare da magani ba, masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, na nan Maraɗi suna cikin waɗanda suka gwada shi tare da Jami'ar Purdue ta Amurka. Haka aikin sakin ɗan ƙaramin zanzaron nan da ke kashe murzunar da ke cin zangarniyar hatsi. Matsalar yawan sinadarin fulor a ruwan sha da ta naƙasa yara a Tibiri, tambaya ce ta mai ilimin sinadarai, da mai ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa, da likita. Ga ayar da jiharmu ta shahara da nomanta, ga zogalen Jiratawa, ga ƙuduji a gonakin dawa da hatsi, ga tafkin Madarumfa, ga dajin Baban Rafi, ga Gulbin Maraɗi da yadda ruwansa ke zuwa da tafiya, ga ƙura da zafi da ke rage ƙarfin faifan sola. Mai lissafi ma yana da wurin shiga: ƙididdigar yaɗuwar zazzaɓin cizon sauro ko sanƙarau, da hasashen faɗuwar damana.

Amma batu daban, tambaya daban. "Ina son yin aiki a kan aya" batu ne. "Wane irin naman gwari ne ke kama aya a rumbu tsakanin girbi da bazara, kuma yaya yanayin ajiya ke canza yawan dafin da yake bari?" wannan tambaya ce, domin ana iya auna ta, ana iya gama ta cikin shekara uku ko huɗu, kuma tana buƙatar na'urar da babu ita a nan, wanda shi ne hujjarka ta fita waje.

Yadda za ka kai ga irin wannan tambayar shi ne karatu. Ka shiga Google Scholar, ka nemo maƙala talatin na shekaru biyar da suka wuce a kan batunka. Inda aka kulle maƙala da kuɗi, ka tambayi ɗakin karatu game da Research4Life, shirin da ke ba cibiyoyin ƙasashe irin tamu damar karanta dubban mujallu kyauta, in cibiyar ta yi rajista. In bai yiwu ba, ka rubuta wa marubucin, yawancinsu suna turowa da murna. A kowace maƙala ka fi mai da hankali ga ƙarshenta, inda marubuta ke faɗin abin da ba su samu damar yi ba. Ka rubuta waɗannan giɓin a littafinka. Ka ajiye maƙalun a manhajar Zotero, kyauta ce, za ta hutar da kai ranar jera manazarta.

Daga nan ka rubuta tsarin bincike na shafi biyu zuwa huɗu: matsalar, abin da aka riga aka sani, giɓin da ya rage, tambayoyinka biyu ko uku, hanyar da za ka bi, da jadawalin shekaru. Ka kai wa malamin da ya duba kundin mastar ɗinka ya yayyaga shi da jan biro. Kuma ka zauna da shi ku ga ko kundin nan zai iya zama maƙala. Maƙala guda a mujalla ta gaskiya tana ɗaga dosiye sosai. Ka kiyayi mujallun da ke aiko maka saƙo suna cewa ka biya su buga cikin mako guda. Malaman waje sun san su, kuma ganin sunansu a takardarka rage maka daraja yake yi.

Mataki na biyar: neman malami

Sunayen da suka riƙa maimaituwa a maƙalun nan talatin, su ne mutanenka. Ka zaɓi goma zuwa goma sha biyar. Ka duba shafin kowanne a jami'arsa: yana nan har yanzu? Yana da ɗaliban doktora? Ya taɓa aiki a Sahel? Kafin ka rubuta, ka tambayi malamanka na nan da masu binciken INRAN, da na cibiyar binciken noma ta ICRISAT a Sadore ko cibiyar noma da yanayi ta AGRHYMET a Yamai in kana da hanya, ko akwai wanda suka sani. Saƙon da ya fara da "Farfesa wane ne ya ba ni shawarar in tuntuɓe ka" ba a cika share shi ba.

Wasiƙar ta zama gajera, wadda za a karanta a waya ba tare da an gaji ba. Al'adarmu ta doguwar gaisuwa a ajiye ta a nan. Layi ɗaya na girmamawa ya isa. Ga abin da za ta ƙunsa, sai ka juya shi zuwa Turanci ko Faransanci:

"Farfesa, sunana wane, na gama mastar a fannin kaza a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar, inda na yi aiki a kan kaza. Na karanta maƙalarka ta shekara kaza, kuma na lura kun auna abin a lokacin rani kaɗai. Ina so in bi shi har cikin damana a ƙauyuka shida da na riga na yi aiki da manomansu. Ina shirin neman bursu kaza, wanda ke rufewa a wata kaza. Ko za ka yarda mu yi magana ta minti goma sha biyar? Na haɗo tarihin karatuna da tsarin binciken."

Ka ga ba roƙo a ciki, ba labarin talauci, ba "ka taimake ni don Allah". Ka nuna ka karanta aikinsa, ka nuna abin da za ka kawo, ka nuna ka san inda kuɗi za su fito. Kowane malami da tasa wasiƙar. Wadda aka tura wa mutum hamsin a lokaci guda ana gane ta daga layin farko. In mako biyu ya wuce shiru, ka tuna masa sau ɗaya cikin ladabi, sannan ka wuce gaba. Shirun mutum goma ba ya nufin aikinka ba shi da kyau. Ni kaina sai a wasiƙa ta goma sha ɗaya aka amsa mini, kuma amsar layi biyu ce.

Mataki na shida: ina kuɗin suke

Ka fara da sanin ƙofofin da ba naka ba. Abokanmu na Najeriya suna yawan turo sanarwar bursun Commonwealth. Nijar ba ta cikin wannan ƙungiya, kada ka ɓata lokacinka. Kuma a kowane fom ka lura da kyau wajen zaɓen ƙasa, domin Nijar da Najeriya suna jere da juna, kuskuren yatsa guda ya isa a jefar da dosiye. Faransa, wadda da ita ce hanyar da kowa ya sani, ta yi wuya tun bayan da aka rufe ofishin jakadancinta a Yamai a Janairun 2024. Wannan ya sa dole mu buɗe ido ga sauran duniya, kuma a ganina an daɗe da ya kamata mu yi hakan.

Akwai bursun da ke biyowa ta hannun gwamnati, wanda ƙasashe abokai irin su Maroko, Aljeriya da Sin ke bayarwa. Waɗannan ta ANAB, hukumar bursu ta ƙasa da ke Yamai, ake bin su, sai ka riƙa bibiyar sanarwarta.

Akwai na cibiyoyin da aka kafa musamman don masana kimiyya na ƙasashe masu tasowa, kuma nan na fi so ka sa ƙarfinka, domin ba ka takara da ɗan Turai. TWAS, wadda marigayi Abdus Salam ya kafa a 1983 a birnin Trieste na Italiya, tana haɗa kai da ƙasashe irin su Indiya, Sin, Brazil da Pakistan don ɗaukar ɗaliban doktora. Yawanci sai ka haɗa da takardar amincewar malamin da zai karɓe ka, ka ga amfanin mataki na biyar. A wannan birnin dai akwai ICTP, cibiyar nazarin fizik ta duniya, mai shirin difloma na shekara guda ga masu fizik da lissafi, wanda aka tsara shi don ya zama gada zuwa doktora. Mai lissafi kuma ya dubi AIMS, makarantar kimiyyar lissafi ta Afirka, da ke da cibiyoyi a Afirka ta Kudu, Senegal, Ghana, Kamaru da Ruwanda, inda ake ɗaukar nauyin ɗalibi gaba ɗaya. Ko kana da mastar, ƙarin shekara guda a irin waɗannan wuraren ba asara ba ce: za ka fito da Turanci, da wasiƙun shaida daga malaman da duniya ta sani.

"Waje" ba lallai sai an haye teku ba. Shirin WASCAL na sauyin yanayi, wanda Jamus ke tallafawa, yana da makarantun doktora a jami'o'in Afirka ta Yamma, har da ta Abdu Mumuni a Yamai. Shirin RSIF, wanda cibiyar icipe ta Nairobi ke gudanarwa, yana tura ɗalibai jami'o'in Afirka da aka zaɓa, kuma Jami'ar Bayero ta Kano tana cikinsu. Daga can akan tura ɗalibi wata cibiya ta ƙetare ya yi wani ɓangare na aikin. Jami'ar Tarayyar Afirka ma tana da cibiyar ruwa da makamashi a Tlemcen ta Aljeriya, da ta kimiyyar rayuwa da ƙasa a Ibadan.

Sai na ƙasashe ɗaiɗai: na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, bursun gwamnatin Suwizalan wanda shi ma sai da wasiƙar malamin can, na Turkiyya mai haɗe da shekarar koyon harshe da masauki da tikitin jirgi, na Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe da ke Jidda wanda Nijar mamba ce a cikinsa, da jami'ar KAUST ta Saudiyya wadda ke ɗaukar nauyin duk ɗalibin da ta karɓa.

Akwai kuma wata hanya da ɗalibanmu ba su cika sani ba. A Holan, Suwidin, Norwe da Denmark, doktora aiki ne: ana tallata gurbi, ka nema kamar yadda ake neman aiki, a biya ka albashi. Haka guraben shirin Marie Curie na Tarayyar Turai, waɗanda ɗan kowace ƙasa zai iya nema, muddin bai zauna a ƙasar da zai je fiye da wata 12 cikin shekaru uku da suka wuce ba. Ana samun su a shafin EURAXESS. A nan an riga an tsara tambayar, aikinka shi ne ka nuna hannunka ya iya abin da ake so: gwajin ƙwayoyin gado na PCR ne, ko manhajar ƙididdiga ta R, ko taswirar tauraron ɗan'adam.

Ke kuma ƙanwata, ga naki. OWSD, ƙungiyar mata masana kimiyya ta ƙasashe masu tasowa, tana da bursun doktora na mata zalla daga ƙasashen da kimiyya ba ta yi ƙarfi ba, a yi karatun a wata ƙasa mai tasowa, ko dai gaba ɗaya, ko kuma ki yi rajista a gida ki riƙa zuwa can na wasu watanni. Gidauniyar Schlumberger tana da shirin mata masu karatun doktora a kimiyya da injiniyanci. L'Oréal da UNESCO kuma suna ba matasan mata masu bincike a Afirka kudu da Sahara kyautar yuro 10,000 ga mai karatun doktora. Tsarin nan na zuwa da dawowa, wanda ake kira sanwic, ya dace da wadda ke da aure da yara, ko wanda ke riƙe da gida. Ki fara maganar da maigida ko mahaifi tun ranar da kika fara tara takardu. Na ga bursun da aka samu da wahala ya mutu a tsakar gida saboda ba a sanar da kowa ba sai da tikiti ya zo.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ta waya don ya "saka sunanka", ɓarawo ne. Wasu jami'o'i suna da kuɗin duba dosiye, amma a shafinsu na hukuma ake biya, ba a lambar wani ba.

Mataki na bakwai: cika dosiye

Ka nemi wurare biyar zuwa takwas da suka dace da kai da gaske. Wasiƙar bayyana manufa ta amsa abu uku: me ka riga ka yi da hannunka, me ya sa wannan wurin, me za ka yi da ilimin in ka dawo. A na ukun kada ka ce "zan bauta wa ƙasata". Kowa haka yake cewa. Ka faɗi wace tsangaya, wane ɗakin gwaji, wace matsala. In ka yi amfani da manhaja don gyaran Turanci, ka tabbatar tunanin naka ne, domin ranar ganawa a kan kowace jimla za a iya tsayar da kai.

Masu rubuta maka shaida, mutum biyu ko uku, ka sanar da su wata guda kafin lokaci. Ka kai musu tarihin karatunka da tsarin binciken da ranar rufewa a rubuce. Shafuka da yawa suna aika wa malamin saƙo kai tsaye don ya ɗora wasiƙar da kansa, kuma saƙon yakan faɗa cikin tarkacen imel. Ka je ofishinsa da ƙafarka, ka gaishe shi, ka tuna masa. Ka tura dosiyenka kwana uku kafin rufewa. Ka san halin wuta da intanet a garin nan.

Mataki na takwas: ganawa

Ka tabbatar da agogo. Turkiyya tana gabanmu da awa 2, Sin da awa 7, Japan da awa 8, Jamus kuwa daidai muke da ita a lokacin sanyinsu, ta wuce mu da awa 1 a lokacin zafinsu. Ka nemi ɗaki mai shiru mai sola ko janareto, ka tanadi layin waya biyu na kamfanoni daban-daban. Ka shirya bayanin aikinka na minti biyar, ka maimaita shi gaban abokan fadarka har ya zauna. In an tambaye ka abin da ba ka sani ba, ka ce ba ka sani ba, sannan ka faɗi yadda za ka bi ka gano. Kai ma ka yi tambaya: shekara nawa kuɗin za su ɗauka, akwai kuɗin zuwa fili a Nijar, ɗalibai nawa suka gama a hannunsa.

Mataki na tara: bayan an ce an ɗauke ka

Ka karanta takardar bursun layi-layi: kuɗin makaranta, na wata-wata, inshorar lafiya, tikiti, iyali. Wanda ya biya kuɗin makaranta kaɗai rabin bursu ne. Don ka gane nauyin abin, Jamus tun 2024 tana son ɗalibin da ba shi da mai ɗaukar nauyinsa ya nuna yuro 11,904 na shekara guda, wato sama da sefa miliyan 7 da dubu 800. Takardar cikakken bursu ita ke tsaya maka a madadin wannan. Ka nemi ranar ganawar biza a makon da takardar ta iso, kuma ka bincika a wane gari ake yin ta, domin ba kowace ƙasa ke da ofishin biza a Yamai ba, wata sai an je wata ƙasar maƙwabciya. Ka tanadi kuɗin wata guda a aljihu, saboda kuɗin farko sukan yi jinkiri har sai ka buɗe asusun banki a can, ga kuma kuɗin ajiya na ɗaki.

In kai ma'aikacin gwamnati ne, ka nemi izinin tafiya karatu a rubuce kafin ka tashi, kada ka dawo ka tarar an ɗauke ka wanda ya gudu daga aiki. In aikinka zai sa ka fita da ƙasa, iri, ƙwari ko jini, ka fara neman takardun izinin fitarwa da na shigarwa da wuri, da amincewar kwamitin ɗa'a in mutane ne za ka yi aiki a kansu. Ba a sa irin waɗannan a jaka a wuce filin jirgi. Ka roƙi malaminka na can ya yarda a sa wani malami na Maraɗi cikin masu duba aikin, a rubuce, domin shi zai riƙe maka gwajin gona in damana ta faɗi kana can. Sannan ka bar wa wani ɗan'uwa amintacce kwafin duk takardunka da takardar wakilci mai hatimi, don in an buƙaci wata shaida daga jami'a ko kotu, ya karɓo ya aiko maka.